Yadda Jirgin Sama Yake Sauka Lafiya a Kan Titi Mai Ruwa

Alhazan Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari da Gagarawa sukan dawo gida ta filin jirgin saman Dutse ko na Malam Aminu Kano. Da yake watan Zulhajji yana zagaya lokutan shekara, wani sa'i dawowar takan faɗo a tsakiyar damina; alal misali, a shekarar 2019 an yi hawan Arfa ranar 10 ga Agusta, watan marka. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya fahimci abin da ke faruwa yayin da jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan mutane ya taɓa titin da ruwa ya kwanta a kansa.

Da farko, mu tuna da wasan da yara kan yi a bakin kududdufi. Idan aka jefa tsingaro a kwance da ƙarfi, sai ya riƙa tsalle a bisa ruwa bai nutse ba, domin ruwan bai sami damar kaucewa daga ƙarƙashinsa ba. Haka abin yake ga tayar jirgi. Kafin taya ta kama kwalta, tilas ta ture ruwan da ke gabanta. In gudu ya yi yawa, ruwan yakan taru a gaban tayar, ya kutsa ƙarƙashinta, ya ɗaga ta. A wannan hali taya tana sulɓi ne a bisa ruwa, birki ba ya ci, juya akalar jirgi kuma ya yi wuya.

A shekarar 1963 wani masani na hukumar NASA ta Amurka, Walter Horne, tare da abokin aikinsa, suka fitar da ƙa'idar gano gudun da wannan sulɓi yake farawa. A ɗauki matsin iskar taya, wato awon da mai faci yake dubawa, a nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan matsi, sa'an nan a ninka ta sau 9. Amsar tana fitowa da ma'aunin not, not ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa. Tayar babban jirgi mai matsi 196 za ta ba da 14, sau 9 ya zama not 126, wato kimanin kilomita 233 a awa. Jiragen fasinja kuwa sukan taɓa ƙasa da gudun da ya kai kimanin kilomita 250 a awa. Ke nan daƙiƙun farko na sauka su ne mafi hatsari.

Ga matakan da ake ɗauka. Na ɗaya, ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe. A filaye da yawa kuma ana yanka ƙananan kwatoci a gicciye, faɗi da zurfin kowane kimanin milimita 6, tazararsu milimita 38, su zama hanyar da ruwa zai tsere.

Na biyu, tun daga Nuwamban 2021 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta tsayar da tsari ɗaya na bayyana halin titi da lamba daga 0 zuwa 6. Busasshen titi 6 ne. Jiƙaƙƙe wanda ruwansa bai wuce milimita 3 ba, 5. In ya wuce haka, 2. Da wannan lamba matuƙi yake lissafa tsawon titin da yake bukata. Babban titin Kano ya kai kimanin mita 3,300, amma ko dogon titi yakan gaza idan aka sauka a tsakiyarsa.

Na uku, matuƙi yakan dire jirgin da ɗan ƙarfi da gangan, don tayoyi su huda ruwan su fara juyawa. Fasinja kan zaci rashin gwaninta ne, alhali kuwa ita ce gwanintar. Nan take wasu faranti na bisa fikafikai sukan miƙe, su karya ƙarfin iskar da ke ɗaga jirgi, nauyinsa ya koma kan tayoyi. Sa'an nan a juya iskar injuna zuwa gaba, abin da ke haddasa rurin nan da ake ji. Wannan birki bai dogara da kwalta ba. Bugu da ƙari, akwai na'urar da ke sassauta birki da zarar taya ta nemi ƙamewa, ta sake matsawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya.

Abin da ya auku a birnin Waso na ƙasar Folan ranar 14 ga Satumba, 1993 ya nuna muhimmancin haka. Jirgin Lufthansa samfurin Airbus A320 ya sauko cikin ruwan sama, iska tana tura shi daga baya. Tayoyin dama suka taɓa ƙasa a hankali, na hagu ba su taɓa ba sai bayan daƙiƙa 9. A tsawon wannan lokaci na'urorin jirgin ba su yarda an sauka ba, don haka faranti da juyin injuna ba su yi aiki ba. Jirgin ya zarce ƙarshen titi, ya daki tudun ƙasa, mutum 2 suka rasu daga cikin 70. A nan gida ma, a Fabrairun 2018 wani jirgin Dana Air ya zarce titi a Fatakwal cikin ruwan sama, amma ba a yi asarar rai ba.

Shi ya sa ake horar da matuƙa cewa in sauka ba ta daidaita ba, su sake tashi su zagayo, ko su jira hadari ya wuce, ko su nufi wani fili. Jinkirin da kan ɓata wa masu tarye rai, sau da yawa shi ne alamar ana bin ƙa'ida.

A ƙarshe, malamai na iya ba ɗalibai wannan aiki: tayar mota mai matsi 36 za ta ba da 6, sau 9 ya zama not 54, wato kilomita 100 a awa. To, yaya lissafin zai kasance in matsin ya ragu zuwa 25? Amsar, kimanin kilomita 83, darasi ce ga duk direban da ke bin hanyar Gumel zuwa Kano da damina.