Tsohuwar kyamarar fim: ajiya da rana sun fi aiki kashe labulenta

Lugu, garin Sarauniya Mangu da ke gundumar Dogon Dutsi a jihar Doso, na karɓar baƙi masu son ganin inda aka gwabza da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Galibinsu da salula suke ɗaukar hoto. Amma duk wanda ya gaji tsohuwar kyamarar fim, ya rataya ta ya nufi can, ya kamata ya bincike ta tun a gida. Fim ba ya nuna aibinsa sai an wanke, lokacin kuwa hotuna 36 sun riga sun salwanta.

Ana magana ne a kan kyamarori masu awon nisa, waɗanda mai ɗauka ke ganin siffa biyu a tagar leƙawa, ya murɗa gilashi har su haɗe. Cikinsu akwai Leica M3 ta Jamus da ta fito a 1954, da Zorki 4 da aka ƙera a Tarayyar Sobiyet daga 1956 zuwa 1973, da FED ta birnin Kharkiv.

Abin da ya fi lalacewa a cikinsu shi ne labulen da ke tsakanin gilashi da fim, wanda ake kira obturateur da Faransanci. Ƙyallaye biyu ne masu shafen roba. In an danna maɓalli, na farko ya zuge, na biyu ya bi bayansa ya rufe. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke auna hasken da zai faɗa kan fim, daga daƙiƙa guda har zuwa kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa.

A yanayin Arewa, abu uku ne ke cutar da labulen. Na farko ajiya: man da ke cikin haƙoran ƙarfe yakan daskare in an daɗe ba a motsa su ba, ƙurar hunturu kuma ta cakuɗe da shi. Na biyu zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40, ya busar da robar ta tsattsage. Na uku rana: gilashin da aka bari a buɗe yana kallonta yakan tattara haske wuri guda ya huda ƙyallen, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi.

Kowace cuta da alamarta. Ɗigon haske a wuri ɗaya a kan hotuna da dama na nuna huda. In gefe guda na hoto ya yi duhu, musamman a saurin 500 ko 1000, labule na biyu ne ke cim ma na farko. In kuwa an sa a daƙiƙa guda aka ji ƙarar tana jan ƙafa ko ta tsaya, mai ne ya daskare.

Gwajin ba ya cin ko dala. A buɗe bayan kyamara ba fim a ciki, a cire gilashi, a shiga ɗaki mai duhu a haska tocila ta gaba. A duba kafin a ɗana da bayan an ɗana, don a ga ƙyallayen biyu. A Zorki da FED akwai doka guda: sai an ɗana ake canza sauri, in ba haka ba ana iya karya na'urar.

Huda ƴar ƙarama ana iya toshe ta da ɗigon baƙin fentin tufa, a bar shi ya bushe sarai kafin a ɗana. Wannan maganin wucin gadi ne. Ƙyallen da ya tsattsage sai sauyi. Man keke ko na injin ɗinki kuwa ba ya kusantar kyamara, don yakan malala har kan labule. A nan ne garin neman gira ake rasa ido. Aikin na mai haƙuri ne irin na mai gyaran agogo: a kwance, a wanke tsohon mai, a ɗiga sabo ɗan kaɗan, a daidaita sifirin.

Sana'ar tana da tarihi a Afirka ta Yamma. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya karɓi kyautar Zakin Zinare a Venis a 2007, ya rasu a 2016, ya shahara da gyaran kyamarori a shagonsa na unguwar Bagadadji, musamman bayan da hoto mai launi ya rage wa masu baƙi da fari kasuwa. Irinsa sun yi ƙaranci yau, kuma masana'antun Zorki da FED sun daɗe da daina ƙera kayan gyaransu. Shi ya sa kyamarar da ta mutu ma ba abin yarwa ba ce: da kayan cikinta ake ta da wata.

Rigakafin dai mai sauƙi ne: marfi a kan gilashi kullum, jaka mai rufi a lokacin hunturu, ajiya nesa da rufin kwano, sannan a fito da ita lokaci-lokaci a danna ta a kowane sauri ko da babu fim.