Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Barbarar Furen Lili

Lili fure ne na ado mai kai irin na albasa a ƙarƙashin ƙasa. Yana da jinsi kusan 100 a dazuzzukan Asiya da Turai da Amurka ta Arewa, kuma ƙasar Holan ce kan gaba wajen noma shi da cinikinsa. Kowane dangi da baiwarsa. Dangin da ake kira na Asiya suna da launuka masu yawa da juriyar ruɓewar kai, amma ba su da ƙamshi. Dangin Gabas, 'yan asalin Japan, furensu manya ne masu ƙamshi. Burin mai barbara shi ne ya tara waɗannan baiwa a fure ɗaya.

A da, da ido ake tantance dangantaka. A 1949 Harold Comber ya kasa lili gida bakwai bisa siffar fure da ganye da iri. Sai dai kama da wane ba ta wane. Da aka fara karanta ƙwayoyin gado na DNA, sai aka gano cewa fararen lili biyu masu siffar kakaki, wato regale na Sin da longiflorum na kudancin Japan, ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Na farko ya fi kusa da dangin Gabas, na biyu kuma da dangin Asiya.

Wannan sani yana nuna wa mai barbara inda zai sa ƙarfinsa. In iyaye na kusa ne, iri yakan nuna da kansa. In sun yi nisa, garin furen namiji yakan maƙale a wuyan furen mace, ko ɗan tayin ya mutu kafin iri ya ƙosa. A nan akan datse wuyan a zuba garin kusa da mahaifa, sannan a ciro ɗan tayin a rene shi cikin kwalba. Masana a Jami'ar Wageningen sun yi fice a wannan aiki.

Ko an dace, 'ya'yan sukan fito kamar alfadari, ga ƙarfi amma ba haihuwa. Maganinsa shi ne a ninka kuromosom ɗinsu daga 24 zuwa 48 da sinadari, sai haihuwa ta dawo.

Sabon iri yakan ci shekaru kafin ya isa kasuwa. Wanda ya san dangantaka tun farko ba zai ɓata su kan haɗin da ba zai yi albarka ba.