Allon tuƙi a tsaye a dam ɗin Tiga: me wayarka za ta iya yi maka?

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya ba ka ci karo da bidiyon wani a tsaye kan dogon allo a tsakiyar tafki ba, yana tuƙi da filafili guda ɗaya, duwatsu a bayansa. Sunan wasan SUP, kuma daga tsibirin Hawai na Amurka ya bazu. Allon ya kai mita 3, yawanci ana hura masa iska ne da famfon hannu, in an gama a sace iskar a naɗe shi cikin jaka.

Mu a Kano ba ruwan muka rasa ba. Akwai dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, ga duwatsun Rurum a kusa, akwai Bagauda, akwai Challawa Gorge a Ƙaraye. Matashin da ke aiki a Bompai ko Sharaɗa zai iya zuwa da safe ya dawo da yamma.

Aikin waya na farko shi ne zaɓen ruwan. Buɗe Google Maps, ka juya zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka bi ruwan da ido daga inda ya fito. Dagwalon masana'antun Bompai na shiga rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya ƙare a dam ɗin Wasai wajen Minjibir. Na kamfanonin jima da ke Challawa da Sharaɗa kuma kogin Challawa yake gangarawa. Dam ɗin Ƙaraye yana can sama kafin kogin ya iso masana'antun, Tiga kuma a kan kogin Kano yake. Ɗan koyo sai ya faɗa ruwa, ba sau ɗaya ba, don haka wannan ba ƙaramar magana ba ce. Abin da taswira ba za ta nuna maka ba shi ne tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance.

Sai iska. Mutum a tsaye kan allo iska na tura shi yadda ta ga dama, musamman in daga gaɓa take busowa zuwa tsakiya. Manhajar Windy na nuna ƙarfinta da inda ta dosa. Amma a matsayina na mai rubuta manhaja, ina so ka san cewa hasashe ne na kwamfuta, wadda ke yanka duniya gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9. Hadarin damina da ke tasowa daga gabas cikin 'yan mintuna yakan kuɓuce mata. Masuntan bakin dam sun fi ta sanin wannan, ka tambaye su.

Inda aka fi yaudarar mu shi ne IP68. Lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 8 kuma na nufin wayar ta jure nutso. Samsung na cewa mita 1.5 na minti 30, Apple na cewa mita 6 tun daga iPhone 12. An yi gwajin ne da sabuwar waya a ruwa mai tsafta. Wayar da aka taɓa buɗewa a Farm Centre don canza gilashi ko batir, mai yiwuwa gam ɗin da ke toshe ta ya riga ya tafi, kuma garanti ba ya biyan ɓarnar ruwa. Ko ma tana da lafiya, ba ta iyo. Ta suɓuce, ta tafi ƙasa. Jiƙaƙƙen gilashi kuma ba ya jin yatsa sosai, wato lokacin da ka fi buƙatar kiran wani ne za ta yi maka gardama. Ka sa ta a jakar roba mai igiyar wuya, ka sauke taswirar wurin tun daga gida domin GPS na aiki ko babu data, ka tura wa wani inda kake ta WhatsApp kafin sabis ya ɗauke.

A ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutane aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Ruwan dam ne mai kama da kwanciyar hankali, irin wanda ake ɗaukar hoto a bakinsa. Saboda haka in za ka yi odar allon, ka haɗa da rigar kariya daga nutsewa daidai nauyinka, ka kuma duba ko igiyar da ke ɗaure ƙafa da allo tana cikin kwalin.