Rajistar Manoma a Cikin Kwamfuta: Suna, Lamba da Kuɗi

Gwangwan ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Rogo, a yammacin Jihar Kano, ƙasar da tun shekarar 2024 ita da Ƙaramar Hukumar Ƙaraye ne suka zama Masarautar Ƙaraye. Akasarin mutanen wannan yanki manoma ne, saboda haka duk wani abin da hukuma za ta raba musu, taki ne ko iri ko rance, sai an fara da rubuta sunaye. A da a babban littafi ake rubutawa, magatakarda kuwa ya san mutanen da ido. Yau a kwamfuta ake zubawa, ita kuwa ba ta san kowa ba.

To, a ƙaddara an ba wani ma'aikaci aikin shirya manhajar da za ta riƙe rajistar manoman Gwangwan. Galibi zai yi aikin ne da Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, ko da Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Dukansu biyu suna cikin harsunan da aka gina kan tsarin "abu", tsarin da ya samo asali daga harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙaga a ƙasar Norway. Ma'anar tsarin ba ta da wuya ga wanda ya taɓa aikin ofis. Akwai fom wanda ba a cike ba, mai gurbin suna da ƙauye da girman gona. Wannan shi ake kira aji. Kowane fom da aka cike da bayanin mutum guda shi ne abu. Bambancin kawai shi ne wannan fom yana ɗauke da ƙa'idojinsa a jikinsa, har yana iya ƙin karɓar gona mai eka ƙasa da sifiri.

Har ila yau kowane irin wannan harshe yana zuwa da rumbun kayan aiki wanda masana suka riga suka shirya, suka gwada shekara da shekaru: na jera sunaye, na lissafin kuɗi, na kwanan wata. Mafi yawan ɓarnar da ake yi a ƙananan manhajoji ta samo tushe ne daga rashin sanin abin da ke cikin rumbun, ko ɗaukar kayan da ba na aikin ba.

Farkon abin da ma'aikacin zai nema shi ne hanyar gano manomi da sauri. Rumbun yana da ma'ajiya mai mabuɗi, wadda ake kira HashMap a Java, dict a Python: a ba ta mabuɗi, ta miƙo abin da aka ajiye a ƙarƙashinsa nan take, ko da sunaye dubu ɗari ne. Amma tana da wata ɗabi'a. In aka ajiye abu na biyu da mabuɗin da aka riga aka yi amfani da shi, sai ta shafe na farko, ba tare da ta ce uffan ba. Idan ma'aikacin ya mai da suna mabuɗi, alhali a ƙauye guda ana iya samun Musa Ibrahim uku, to biyu daga cikinsu sun fita daga rajista ke nan, kuma ba za a sani ba sai ranar rabo, sa'ad da suka zo aka ce babu sunansu. Mabuɗi lalle ne ya zama abin da mutum biyu ba sa tarayya a kansa, kamar lambar shaidar ɗan ƙasa.

Ita ma lambar da nata tarko. Alƙalumanta 11 ne, irin lambar da ake kira int a Java kuwa ba ta wuce 2,147,483,647, watau alƙaluma 10. Lambar waya kuma da sifiri take farawa, in aka ajiye ta a matsayin adadi sai sifirin ya faɗi. Abin da ba a tarawa ko a ɗebe, a matsayin rubutu ake ajiye shi, ko da duk alƙaluma ne.

Sa'an nan sai babbar matsala, ta haruffa. Tun cikin shekarun 1930 rubutun boko na Hausa yake amfani da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Tsarin ASCII na Amurka, wanda aka kafa a 1963, gurabe 128 ne kawai gare shi, ba a kuwa yi shi domin Hausa ba. Sai da tsarin Unicode ya fito a 1991 waɗannan haruffa suka sami lambobi da duniya ta yarda da su. Java tun farkonsa da Unicode yake riƙe rubutu, Python kuwa ya koma kansa gaba ɗaya a fitowarsa ta uku, a 2008. Ajiye sunan Ɗahiru daidai ya zama abu mai sauƙi ke nan. Jera shi ne bai zama ba.

Dalili kuwa shi ne, in aka ce wa kwamfuta ta jera sunaye ba tare da wani ƙarin bayani ba, lambobin haruffa take dubawa. A lambarsa 65, Z lambarsa 90, amma Ɓ 385 ne, Ɗ 394, Ƙ 408. Don haka Ɗahiru da Ɗanladi za su faɗo can ƙarshen takarda, bayan Zubairu. In aka jera ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano ta wannan hanya, Ƙaraye za ta koma ƙarƙashin Wudil, alhali wurinta bayan Kura ne. Mai rabo da ya duba tsakanin D da E bai ga suna ba, da wuya ya juya zuwa shafin ƙarshe, ga layi ya yi tsawo, ga rana. Maganin yana cikin rumbu. Java yana da RuleBasedCollator, wanda ake rubuta wa ƙa'ida cewa ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k. A Python ana miƙa wa sorted ɗan aikin da zai ba kowane harafi matsayinsa na Hausa. Hanyar jerawar da kanta ba a bukatar sake ƙago ta: wadda Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002, Java ma ya ɗauke ta a 2011, kuma tana da kyakkyawar siffa guda, ba ta hargitsa tsarin abubuwan da suka yi kunnen doki. In aka fara jerawa da suna, sa'an nan aka sake jerawa da ƙauye, sunayen kowane ƙauye za su zauna a jere.

Akwai kuma mai bugawa wanda allon haruffansa ba shi da ƙugiya, ya rubuta Dahiru a yau, gobe wani ya rubuta Ɗahiru. A wurin kwamfuta mutum biyu ne. Ɗalibai da yawa sukan ɗauko dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alamominsu da ita, watau Normalizer a Java ko unicodedata a Python, su zaci za ta cire ƙugiya. Ba za ta cire ba, domin Unicode ya ɗauki é a matsayin e da alama a kansa, amma ɗ harafi ne mai zaman kansa. Dole mai shirya manhaja ya rubuta ɗan jadawalinsa na musanya, ya yi amfani da shi wajen bincike kaɗai, ya bar sunan asali yadda mai shi yake kiransa. Wanda ya share ƙugiya daga rajista gaba ɗaya don neman sauƙi ya manta cewa kasa da ƙasa ba ɗaya ba ne.

Alamar hamza ta Sa'idu da Mu'azu ta fi wannan haɗari. A harshen SQL, wanda ake tambayar ma'ajiyar bayanai da shi, da irin wannan alama ake buɗe rubutu a rufe shi. In aka liƙa suna kai tsaye cikin umarni, sai ma'ajiyar ta ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ragowar kuma ta karanta shi a matsayin umarni, ta ƙi aikin. Ta wannan ƙofa ce kuma ɓarayin intanet suke cusa nasu umarni. PreparedStatement na Java, da alamar tambaya da ake sawa a gurbin suna a sqlite3 na Python, suna raba umarni da bayani, su toshe ƙofar duka biyu.

Game da kuɗi, tun 1 ga Janairu 1973 Nijeriya take lissafi da naira mai kwabo 100. Kwamfuta kuwa da tushen biyu take ƙirga, kuma ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa a tushen biyu, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a tushen goma. In aka ɗauki 0.1 ana ƙara shi ɗaya bayan ɗaya har sau goma da lambar da ake kira double, amsar 0.9999999999999999 ce. Ƙaramin kuskure in ya yi ta maimaituwa yakan girma. Kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada ta kafa ma'auninta kan 1,000 a Janairun 1982, manhajarta tana yanke ragowar lissafi maimakon ta kai shi ga mafi kusa. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin yana nuna 524.811, alhali na gaskiya 1,098.892 ne. Don haka kuɗin rance ko albashi da BigDecimal ake lissafa shi a Java, da decimal a Python, a kuma miƙa musu adadin a rubuce, domin in aka ba su 0.1 na double za su gaji kuskurensa. Wanda bai son wannan duka sai ya ajiye komai a kwabo, cikakkiyar lamba, ya mayar naira wajen buga rasit.

Saura kwanan wata. Tsohon Calendar na Java daga sifiri yake ƙirga watanni, har Janairu ya zama 0, abin da ya sa rasitai da dama suka ja baya da wata guda a hannun sababbin masu koyo. An kawo java.time a 2014, har da kalandar Hijira a ciki. Sai dai wannan kalanda lissafin Ummul Ƙura na Saudiyya take bi, a Nijeriya kuwa Sarkin Musulmi ne yake sanar da ganin wata daga Sakkwato, don haka akan sami bambancin kwana guda. In manoman Gwangwan sun yi alkawarin biyan rance a ɗaya ga Muharram, ranar da aka sanar a Sakkwato suke nufi. Ya kamata rajistar ta riƙe kwanan boko don lissafi, ta bar gurbi dabam inda ma'aikaci zai rubuta na Hijira da hannunsa bayan sanarwa.