Ranar da "Wai" Ta Ɓace Daga Wayoyinmu

A hutun da ya gabata na je gida Ringim, na tarar da gwaggona, wadda ta shekara takwas tana fama da ciwon suga, ta ajiye maganinta ta koma shan ruwan shuwaka safe da yamma. Da na tambaye ta dalili, sai ta miƙo mini waya ta ce, "Ɗan nan, saurari da kunnenka, likitoci ne suka tabbatar." Muryar wani mutum ce a WhatsApp, ba suna, ba asibiti, sai rantsuwa da roƙon a tura wa 'yan'uwa.

A matsayina na ɗalibin ilimin harsuna, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kalmar da babu ita a cikin saƙon. Bahaushe yana da "wai". Idan ya ce "wai zogale yana maganin hawan jini", ya sanar da kai cewa ji ya yi, kuma bai ɗauki alhakin maganar ba. A zaure ko a bakin kasuwa, wannan 'yar kalma takan bi labari duk inda ya je. Saƙon murya kuwa yakan iso kai tsaye daga bakin mai shi, ta hannun ɗa ko ƙane da aka yarda da shi, sai amincin mai turowa ya rufe rashin asalin maganar.

Mun taɓa ganin illar haka. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya karaɗe Nijeriya cikin dare ɗaya cewa a sha ruwan gishiri a kuma yi wanka da shi. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu aka kwantar a asibiti, alhali cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba. A 2020 kuma aka ɗora wa tafarnuwa rigakafin korona, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ƙaryata.

Jigawa ba ta da sararin wannan caca. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yaranmu 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Uwar da saƙo ya ruɗe ta zubar da dakashi, ko ta ɗura wa jariri ruwa da jiƙo kafin ya cika wata shida, ɗanta ne zai biya.

Mu masu boko, da ake tura wa saƙo a ce "duba mana", nauyin yana wuyanmu. Kafin mu tura, mu tambaya: in ji wa? Gwaggo dai ta koma kan maganinta bayan an auna jininta, shuwaka kuma ta koma tukunyar miya. Allah ya ba mu lafiya.