Tsohuwar mota ba ta caji: Ina matsalar take?

Idan tsohuwar mota ta ƙi tashi da safe, abin da akasarin masu motoci kan fara yi shi ne ɗora wa batir laifi. Sai dai sau da dama lafiyar batirin ƙalau, wutar da ya kamata ta koma masa ce ba ta isa gare shi.

Wannan matsala sananniya ce ga masu riƙe da motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a shekara ta 1968, aka kuma riƙa haɗa ta a Kaduna har zuwa tsakiyar shekarun 2000, da kuma Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas.

Wanda ya sayi sabon batir ba tare da ya gano tushen matsalar ba, cikin 'yan kwanaki sabon ma zai mutu, wataƙila da dare a tsakiyar daji.

Yadda caji yake aiki

Aikin batir shi ne ya tayar da inji. Da zarar inji ya tashi, sai altaneta ta karɓi aikin: ita ke ba fitilu da sauran kayan lantarki wuta, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe.

Fambel ne ke juya altaneta, regileta kuma shi ke daidaita ƙarfin wutar don kada ta yi kaɗan ko ta wuce kima. Wayoyi ne ke haɗa su duka da batir. A ɗaya daga cikin waɗannan wurare ne ake samun ɓacin.

Motocin da suka fi tsufa dainamo suke da shi maimakon altaneta, wadda ta fara yaɗuwa a ƙananan motoci a shekarun 1960. Dainamo ba ya ba da wuta sosai idan inji yana tafiya a hankali, saboda haka ba abin damuwa ba ne idan jar fitilar caji tana ƙyaftawa a lokacin, muddin tana mutuwa da an taka totur.

A fara da ido da hannu

Kafin a kwance komai, a duba fambel. Idan aka danna tsakiyarsa da yatsa, bai kamata ya lotsa fiye da kimanin santimita 1 ba. Fambel da ya saki ko ya tsattsage yakan yi santsi, yana ƙara idan an kunna manyan fitilu.

A motar Beetle, wannan fambel ɗin ne kuma ke juya fankar da ke sanyaya inji. Idan jar fitila ta kama ana cikin tafiya, wajibi ne a tsaya nan take, domin idan fambel ne ya tsinke inji na iya ƙonewa.

Daga nan sai kawunan batir. Farin gari ko kore da ke taruwa a kansu yana hana wuta wucewa. Haka ma wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji, wadda tsatsa kan ci a hankali.

Ita ma jar fitilar tana da nata bayanin. Ya kamata ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu idan inji ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, to a duba ƙwanta, domin a yawancin tsofaffin motoci ta cikin wannan ƙwai ne ɗan wutar da ke tayar da altaneta yake bi. Ƙwai ɗaya da ya ƙone na iya hana caji baki ɗaya.

Abin da mita ke nunawa

Ƙaramar mitar auna wuta, irin wadda masu gyaran rediyo ke amfani da ita, ta isa ta raba gardama.

Idan inji a kashe yake kuma batir ya huta na wasu sa'o'i, cikakken batir zai nuna kimanin volt 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabin caji ke nan. Ƙasa da 12 kuwa, ya kusa ƙarewa.

Sai a tayar da inji, a ɗan taka totur. Mita ta nuna tsakanin volt 13.8 da 14.4. A kunna manyan fitilu a sake dubawa; bai kamata ta faɗi sosai ba.

Idan adadin bai ɗaga daga inda yake ba, caji ba ya zuwa. Sai a auna a bakin altaneta kanta. Idan a can akwai wuta amma a kan batir ta ragu da fiye da rabin volt, laifin waya ne. Idan a can ma babu, sai a koma ga regileta, ko burushin cikin altaneta da ya cinye, ko dayod da ya ƙone.

Idan kuwa mita ta haura volt 15, regileta ya daina riƙe wuta. Alamominsa su ne ruwan batir yana saurin ƙafewa, da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, da fitilu masu yawan ƙonewa.

Waɗannan alƙaluma na mota mai volt 12 ne. Motocin Beetle na kafin 1967 akasarinsu volt 6 gare su, saboda haka sai a raba adadin biyu.

Gwajin da ke jawo hasara

A garejoji da dama akan cire kan batir inji yana tafiya, wai idan mota ba ta mutu ba to caji yana nan. Wannan gwaji yana da haɗari. Batir ne ke shanye wutar da ta yi yawa, kuma idan aka cire shi wutar kan yi tsalle ta ƙona dayod ko regileta. Garin neman gira sai a rasa ido.

Akwai kuma motar da cajinta daidai yake, amma batir ya wayi gari a mace. A nan ko dai wani abu ne ke zuƙar wuta cikin dare, kamar rediyo da aka haɗa ba daidai ba ko dayod da ya lalace, ko kuma batirin ne ya daina riƙe caji. Idan aka cire kan batir mai alamar ragi da dare, aka mayar da safe mota ta tashi, to a jikin motar ɓarawon yake. Idan duk da haka ba ta tashi ba, a lokacin ne laifi ya tabbata kan batir, musamman a ƙasashe masu zafi inda rana ke rage masa kwana.

Wajen duk wannan aiki, a nisanta taba da wuta daga batir, domin yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa. A kuma fara cire kan da ke da alamar ragi, shi ne kuma za a mayar a ƙarshe.