Kantin Kwari da Hajiyar da ke Kai Shi Cikin Gidaje

Kantin Kwari ba ya farkawa da wuri. Sai hantsi ya dubi ludayi masu shago ke ɗaga ƙofofinsu, yara su fara jera turame, amma a lokacin 'yan dako sun riga sun jiƙe da gumi wajen sauke diloli daga manyan motoci. Zuwa azahar ba masaka tsinke. Kasuwar tana Fagge, a wajen ganuwar birnin Kano, kuma ana ce mata babbar kasuwar tufafi ta Afirka ta Yamma. Duk wanda ya ga 'yan sari daga Maraɗi da Damagaram da Cadi da Kamaru suna ɗaure kaya da yamma ba zai yi musu ba. Asalinta kantunan 'yan Labanan da Siriya ne, waɗanda suka yawaita a Kano bayan layin dogo ya iso a 1911. Sannu a hankali yaransu Hausawa suka koyi harkar, suka karɓe ta.

Atamfa ce sarauniyar kasuwar, turmi ɗaya yadi shida. Akwai holandis ta kamfanin Vlisco da ke Holan, akwai shaddar Getzner daga Ostiriya wadda ango ke ƙuntata wa kansa ya saya, ga leshi da mayafai da yadin maza. A da, atamfar talaka daga masaƙun Kaduna take fitowa. Tun da masaƙar UNTL ta rufe a 2007 sai kayan Sin suka mamaye layukan, da arha da kwaikwayon kowane zane. Abin baƙin ciki ne a ce ƙasar da ke noma auduga a Funtuwa da Gusau tana jiran kwantena kafin ta yi ɗinkin Sallah.

Kusan duk masu shaguna maza ne, alhali yawancin kayan a jikin mata suke ƙarewa, kuma da yawa daga matan ba sa zuwa kasuwa. Dillalai mata da 'yan sari ne ke kai musu Kwari har tsakar gida. Cikinsu akwai wata baiwar Allah da ta rasu a bana, wadda kowa a layinsu ke kira Hajiya kawai.

Da kuɗin sadakinta da ɗan abin da ta kwasa a adashi ta fara. Turame kaɗan ne, ƙanin mijinta ke saro mata, ita kuma ta sayar wa maƙwabta. Da 'ya'yanta suka tasa, maigidan ya ba ta izini ta fara shiga kasuwar da kanta. Ba a yi mata rufa-ido. Takan buɗe turmi ta juya bayansa, domin atamfa ta gaske launinta ɗaya ne ciki da waje. Ta murza bakin zanen tsakanin yatsu ta ji ko sitaci ne ya ba shi kauri, ta duba lambar da ke gefe, sannan ta ɗago ido.

"Alhaji, wannan ba ta gidan ba ce."

"Hajiya, ai ba ke na ajiye wa ba. Yaro, ɗauko ta ciki."

Daga nan sai ciniki: ta taya, ya ce albarka, ta ƙara kaɗan, ya sallama. Sau da yawa ko kwabo ba ta ajiyewa a ranar. A kan amana kasuwar take tafiya, daga mai shigo da kwantena zuwa mai shago, daga mai shago zuwa irin su Hajiya, daga su zuwa matar da za ta biya kaɗan-kaɗan daga ribar ƙuli-ƙuli ko kitso. In mutum ɗaya ya ci amana, har can sama sai an ji a jika. Shi ya sa ba ta wasa da littafinta na bashi. Ta ji a makarantar Islamiyyar matan aure cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, tun daga nan komai ƙanƙantar abu sai an rubuta.

A cikin cinikin nan ne kyautarta ta fi fitowa, kuma wannan nake ganin ya bambanta ta da masu rabon da ake ɗauka a hoto. Kowace shekara kafin azumi takan ƙidaya kayanta, ta yi musu kuɗi a farashin ranar, ta fitar da ɗaya cikin arba'in. Bayan ta gama da zakka sai ta koma kan littafin, ta bi sunayen matan da mazajensu suka rasu ko suka rasa aiki, ta ja layi a kai. Ba ta haɗa biyun, don malaminsu ya karantar da su cewa yafe bashi ba ya zama zakka. Matar da aka yafe wa takan sani ne kawai ranar da ta aiko da kuɗi aka mayar mata. Akwai kuma farin yadi da ba ya yankewa a ɗakinta. In an yi rasuwa a unguwa, ko tsakar dare ne, yaro ake turowa ya karɓi likkafani.

Komai cikar kasuwa, la'asar a gida take yi mata. Ita ke duba tukunya, ita ke tambayar hadda. Tare da nata ta riƙe marayun ƙanin mijinta, kuma zane ɗaya take yanka musu duka a Sallah, don kada baƙo ya gane wane ne ɗan gida.

A damunar 2022 ruwa ya shiga Kwari ya lalata kaya masu yawa, aka yi ta ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe magudanai. Wasu masu saye sun ga banza ta faɗi, suna taya jiƙaƙƙen kaya yadda suka ga dama. Hajiya ta sayar da awarwaronta na zinariya, ta biya mai shagon da take sari a wurinsa bashin da lokacinsa bai yi ba, saboda shi ma ana binsa.

Da ta rasu, ranar sadakar uku masu shago da dama sun rufe suka zo gaisuwa. Kafin a taɓa gado aka buɗe littafin kamar yadda shari'a ta tanada, aka biya kowa hakkinsa, ko da yake wasunsu sun ce sun yafe. Babbar 'yarta ce ta ci gaba da harkar. Ita ba ta yawo da ƙunshi gida-gida, hoton atamfa take sawa a WhatsApp, mai Keke Napep ya kai kaya har ƙofa. A Kwari yanzu, baƙon mai saye ba ya fita da turmi sai kuɗi ya shiga asusun mai shago. 'Yar Hajiya kuwa har yau ana ɗaure mata kaya ta tafi, ta biya bayan Sallah.